Gwajin ƙwayoyin gado kafin shan maganin ciwon damuwa: wanne ya cancanci kuɗinka?

Duk wanda ya yi jinyar mai ciwon damuwa ya san zafin jira. Likita zai rubuta magani, a sha mako 4 zuwa 6 kafin a gane ko ya karɓi mutum. In bai karɓe shi ba a canza, a sake zaman jira. A babban binciken STAR*D na Amurka, kusan mutum ɗaya cikin uku ne kawai ya warware da maganin farko. Shi ya sa gwajin ƙwayoyin gado ya samu kasuwa: a goga auduga a cikin kunci, a tura ɗakin gwaji, a jira sakamako.

Mafi ƙarfin hujja shi ne gwajin da ke duba yadda hanta take sarrafa magani, musamman ƙwayoyin gado biyu da ake kira CYP2D6 da CYP2C19. Wani hantarsa na saurin kawar da magani har bai ga amfaninsa ba. Wani kuwa maganin taruwa yake yi a jininsa, sai jiri da tashin zuciya. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce mai raunin CYP2C19 kada ya wuce miligiram 20 na maganin damuwa citalopram a rana, saboda haɗarin rikicewar bugun zuciya. Amitriptyline, wanda ake yawan bayarwa a asibitocinmu don arharsa, duka ƙwayoyin biyu na da hannu wajen sarrafa shi. Amma a lura: wannan gwaji adadin da jiki zai ɗauka yake nunawa, ba ya cewa ga maganin da zai yaye damuwar.

Sai manyan gwaje-gwaje irin GeneSight, masu jera magunguna a kore, rawaya da ja, daga wanda za a sha yadda aka saba zuwa wanda sai an yi taka-tsantsan. Suna da daɗin karantawa, kuma a nan ne talla ta fi hujja yawa. A binciken GUIDED na 2019, waɗanda aka yi wa gwajin sun ɗan fi samun warwarewa, kashi 15 cikin 100 a kan kashi 10, amma babban abin da binciken ya auna, wato raguwar alamomin ciwon, bai nuna bambanci mai ƙarfi ba. Binciken PRIME Care na 2022, da aka yi kan tsofaffin sojojin Amurka 1,944, ya ga ƙaramin amfani wanda bai ɗore zuwa mako na 24 ba. Ƙungiyar CPIC kuma, mai fitar da ƙa'idojin amfani da gwajin ƙwayoyin gado wajen ba da magani, a 2023 ta ce hujjar ƙwayoyin gado na SLC6A4 da HTR2A, waɗanda irin waɗannan gwaje-gwaje ke dubawa, ba ta kai a zaɓi magani da su ba.

Gwajin da ake saya a intanet ba tare da likita ba, ni ban ba da shawararsa. Haɗarinsa shi ne mutum ya ga ja ya yar da maganinsa rana tsaka, alhali yankewa farat ɗaya na jawo rashin barci, jiri da dawowar ciwon.

Tambayar da ta fi shafar baƙar fata ita ce: gwajin yana duba nau'o'in CYP2D6 da ake kira *17 da *29? Waɗannan nau'o'i sun yawaita a 'yan Afirka, suna rage saurin hanta, kuma gwajin da ya tsallake su zai iya cewa lafiya lau alhali ba haka ba ne.

Mai fara magani karon farko, gara ya kashe kuɗinsa wajen ganin likitan ƙwaƙwalwa a kai a kai, a asibitin Barnawa ne, Dawanau ko Kware. Wanda ya gwada magani biyu ba sauƙi, ko ƙaramin adadi ke wahalar da shi, shi ne gwajin CYP2D6 da CYP2C19 zai iya yi wa rana, kuma likitansa ne zai fassara sakamakon tare da duba sauran magungunan da yake sha.