Mai kafa biyu da LACP ko mai kafa ɗaya ta 2.5G?

Malam, tsakanin na'urar wayifai mai kafa biyu (kafa ita ce ramin jona kebul) da ake haɗewa da LACP, wato tsarin haɗa kebul biyu su yi aiki tare, da mai kafa ɗaya ta 2.5G, wato mai gudun gigabit 2.5, ɗauki mai 2.5G ka huta.

Irinta nake da ita a cibiyarmu ta kwamfuta da ke wajen Ringim, TP-Link EAP670. Tsohon kebul Cat5e da ke cikin silin na jona mata, shi ke kai mata wuta, shi ke kai mata data. Dama ƙa'idar 802.3bz ta 2016 don haka aka yi ta, gigabit 2.5 a kan Cat5e har mita 100. Lokacin atisayen JAMB ɗaki kan cika maƙil, kowa na jan tambayoyi daga sabar da ke ofis, ban ji wanda ya ɗaga hannu ya ce shafinsa ya tsaya ba. Sai dai ka tanadi suwic, akwatin da ake jona kebul ɗin na'urori, mai kafar 2.5G da PoE+, wato tura wuta ta cikin kebul, mai ba da wat 30 a kafa, ka kuma saka wannan cikin lissafin batirin solarka.

Mai kafa biyu tana aiki, ban hana ba. Amma LACP ba ya mai da gigabit ɗaya da ɗaya su zama biyu ga mutum guda. Suwic yana duba adireshin MAC ko IP ne, lambobin da ake gane kowace na'ura da su, ya ɗora kowace hulɗa a kan kebul ɗaya, kamar famfo biyu a burtsatse: layi zai ragu, jarkarka ba za ta cika da wuri ba. Ga kebul biyu, ga suwic mai saiti, kuma dole saitin ɓangarorin biyu ya zo ɗaya, in ba haka ba haɗin ya ƙi tashi. Za a ce maka in ɓera ya ci kebul ɗaya, ɗayan zai riƙe. A wasu na'urorin kafa ɗaya ce kawai ke karɓar wuta, in kebul ɗinta ɓeran ya ci, shi ke nan.

In kuwa intanet kake son ya ƙara gudu, Starlink ko rawutar MTN ba sa cika ko gigabit ɗaya. Da mai LACP da mai 2.5G, duk ba za su ƙara maka komai ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu kebul. Wasu alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, an buga Cat6 a kwali, kuma zafi yake ɗauka da PoE. Kankare silin waya ɗaya da wuƙa a gaban mai shagon, in ka ga fari a ciki, ajiye masa abinsa. Na'urorin gwanjo ma wasu ba sa aiki sai da lasisi, irin samfurin Meraki, wasu sai da kwantarola mai sarrafa su. Kada ka biya sai mai sayarwa ya kunna ta wayarka ta hau kanta.