Cif goma daga wani ɗan shago a Jidda: bakwai sun yi, uku sun yi yoyo

Wata biyu ke nan da na kai zanen cif ɗina na PCR, wato ɗan faranti mai siririyar magudanar ruwa da ake ninka DNA a cikinta, wani ɗan shago a unguwar masana'antu ta Jidda, bayan na gaji da jiran odar waje. Mai shagon Bahaushe ne haifaffen Makka, kakanninsa ta Sudan suka biyo a ƙafa. Ni Muhandis nake ce masa, shi kuma ya ce mini ƙanena.

Abin da nake so shi ne magudana siririya, faɗin silin gashi, wadda ta nannaɗe kamar maciji tana ratsa wurare uku masu zafi daban-daban. A digiri 95 igiyoyin DNA biyu su rabu, wajen 60 firaima (gajerun guntayen DNA da ke nuna inda za a fara kwafi) su kama, a 72 sinadarin Taq mai kwafar DNA ya kwafa, zagaye ɗaya ke nan. Ruwan ne ke yawo tsakanin zafin, ba inji ne ke ta ɗumama da hucewa ba. Dabarar ba tawa ba ce, masana kimiyya su Kopp da Manz ne suka nuna ta a 1998 da zagaye 20. Ni 30 na zana.

Da farko ya so ya yanka mini a robar akirilik da lesa, wai ya fi arha. Na ce, "Muhandis, wannan robar tana fara laushi wajen digiri 105, ni kuwa a 95 zan riƙe ta." Ya yi shiru, ya ce, "Gaskiyarka, ƙanena." Nan ya burge ni, don wani da sai ya tsaya gardama. Muka koma PDMS, robar silikon da ake haɗawa kashi goma da ɗaya, a zuba kan mazubi, a gasa, a ɓare, sannan a manna wa gilashi da filasma, wato iskar da aka caje da lantarki.

Hannunsa yana da kyau, ban ƙi ba. Na sa cif ɗin a madubin likita, bangon magudanar sumul, kwanoni duk sun fita tsaf, babu inda ya toshe.

Mannin ne matsala. Uku cikin goma, ina tura ruwa mai launi da sirinji sai na ga ja yana malala ta ƙarƙashi, wajen bakin shiga. A ɗaya har da ɗan ƙura na gani tsakanin roba da gilashi. Shagon ba ɗaki mai tace iska ba ne, ƙofa na buɗewa ƙurar Jidda na shigowa. Na mayar masa, ya sake biyu kyauta, na ukun ya ce turin sirinjina ne ya yi ƙarfi. Ban yarda ba, amma na bar maganar, girma ya hana.

Kumfar da ta dame ni a wurin 95 kuwa ba laifinsa ba ne. PDMS iska na ratsa ta, ruwa kuma na ƙafewa ta jikinta. Sai da na tsotse iskar cif ɗin a tukunyar bakyum, na kuma wanke magudanar da BSA, wani furotin, don kada Taq ya manne a bango, kafin layin da ke nuna DNA ya ninku ya fito a jel ɗin gwaji.

Duk mai son gwada zane, ya je shagon, cikin kwana tara Muhandis ya ba ni kayana. Amma kada ya bar shagon sai ya tura ruwa mai launi a kowane cif a gaban Muhandis. Odar gaba ta LAMP ce, wata hanyar ninka DNA mai zafi ɗaya tal, digiri 65, kuma da sirinjina zan je karɓa.