Kwana huɗu a sansanin ƙwallon kwando na 'yan mata a Texas: abin da dala 220 ta saya mana

Shekararmu goma sha ɗaya a gefen birnin Dallas. 'Yata ta biyu, mai shekara 15, ta ɗauko tsayin dangin babanta, kuma tun tana aji shida ƙwallon kwando ya shiga ranta. A watan Yunin da ya wuce na ɗauki hutu a wurin aiki na kai ta sansanin horon 'yan mata da wata kwalejin shekara biyu ke shiryawa, tafiyar minti arba'in daga gida. Irin waɗannan kwalejoji a nan "juko" ake ce musu: ɗalibi ya yi shekara biyu, in Allah ya dafa masa ya wuce jami'a ya ƙarasa digiri. Dala 220 na biya na kwana huɗu, daga takwas na safe zuwa uku na yamma, har da abincin rana da riga ɗaya. Duk kwanakin ina zaune a kan benci ina kallo, don haka abin da idona ya gani zan faɗa.

Ranar farko mun isa bakwai da rabi. Wata mata doguwa, furfura ta fara keto mata, tana jan tsumma a kan katakon filin, ga buhun ƙwallaye a gefe da famfon hura iska. Sai da ta ajiye tsumman ta rataya usur a wuya na gane ita ce kociyar ƙungiyar mata ta kwalejin, mai sansanin gaba ɗaya. Ta dubi hijabin yarinyar, irin na wasanni mai kama kai, ta tambaya ko akwai fil a jiki. Yarinyar ta ce babu. Ta ce to shiga layi. Iyakar maganar ke nan, ni kuwa na zo da dogon bayani a bakina, har na tanadi cewa hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta halatta rufe kai tun 2017. Da azahar ta yi, ita da kanta ta miƙa mana makullin ofishinta muka yi salla.

Horon shi ne ya biya kuɗin. Yara kusan arba'in ne, kuma ba da shekaru ta raba su ba, sai da ta kalle su awa guda suna wasa sannan ta kasa su gida biyar gwargwadon iyawar kowa. Ba a yi minti ashirin ba ta gano abin da kociyoyi biyu na makaranta suka bari ya wuce: yarinyata ba ta da hannun hagu. Duk inda ta nufa dama take bi. Sai ta sa ta riƙe ƙwallon tanis a hannun dama, ta ce kada ya faɗi, ta riƙa buga ƙwallon da hagu daga wannan kwando zuwa wancan. Ƙwallon ya kuɓuce mata ya fi sau goma, fuskarta ta haɗe, na san hawaye na kusa. Kociyar ba ta rarrashe ta ba, ba ta kuma yi mata tsawa ba. Durƙusawa ta yi a ƙasa, ta kama ƙafar yarinyar ta dama da hannunta ta dasa inda ya kamata, ta ce daga wannan ƙafar za ki tashi in za ki jefa da hagu. Ran kwana na uku na ga ƙwallo ya shiga raga da hagu sau shida a jere. A mota ta ce, "Umma, kin gani?" Na ce na gani, Allah ya ƙara basira.

A wannan rana ta uku ce aka ware wa iyaye awa guda, kuma a nan na fahimci wace ce na damƙa wa 'yata. Ta ce ita ma daga juko ta fara wasa, ta wuce jami'a, sannan ta yi shekara bakwai tana mataimakiyar koci a makarantu uku. A ɗaya daga ciki, ɗaki a masaukin ɗalibai aka ba ta a matsayin wani ɓangare na albashi. Yanzu shekararta tara a wannan kujera. Ban da horarwa tana koyar da darasin motsa jiki, ita ke tuƙa motar ƙungiya in za a tafi wasa wani gari, kuma kuɗin wannan sansanin namu da shi take saya wa 'yan wasanta takalma. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da ta ce kowace kaka kusan rabin ƙungiyarta sababbi ne. Kociyan jami'a yana da shekara huɗu da yarinya, ita biyu kacal. Sai ta gyara ta, ta nuna, sannan wani ya zo ya tsinke. Noma ne a gonar da amfaninta na wani rumbun ne, amma da fara'a take nuna hotunan waɗanda suka wuce gaba a bangon ofishinta, tana faɗin garin kowace da abin da ta karanta.

Wani uba ya tambaya ko juko ba koma baya ba ne ga yarinya mai hazaƙa. Ta ce ya tuna Sheryl Swoopes, wadda ta yi shekara biyu a kwalejin South Plains a nan Texas kafin ta koma Texas Tech ta zura maki 47 a wasan ƙarshe na ƙasa a 1993. Ni kuma a raina Evelyn Akhator na tuna, 'yar Legas, wadda ta ci kofin ƙasa na NJCAA, hukumar wasannin kwalejojin juko, da kwalejin Chipola ta Florida a 2015, ta wuce jami'ar Kentucky, ƙungiyar ƙwararru ta Dallas Wings ta ɗauke ta a matsayi na uku a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2017, ta kuma buga wa D'Tigress, ƙungiyar mata ta Najeriya. Na faɗa wa yarinyar wannan a hanya, ta yi shiru tana murmushi. Duk da haka kociyar ba ta yi wa kowa romon baka ba. Ta ce ba za ta yi wa ɗayanmu alkawarin tallafin karatu ba, kuma takardar sakamakon makaranta take fara dubawa kafin bidiyon wasa. Wannan gaskiyar ta fi min daɗi a kan komai.

To, sai inda aka gaza. A fom na rubuta ƙarara ba ma cin naman alade. Ranar farko fiza aka kawo, kowane kwali da shi a kai. Tuffa ɗaya da ɗan soyayyen dankali na leda yarinyar ta ci, ta koma fili ta yi awa uku tana gudu. Raina ya ɓaci sosai. An ba ni haƙuri, washegari aka kawo mai cuku zalla, amma daga nan da kular shinkafa da wake nake zuwa. Na'urar sanyaya ƙaramin ɗakin wasan ma ta mutu, a zafin Yuni na Texas, sai manyan fankoki biyu ke kaɗa iska mai ɗumi.

Babbar matsalar ita ce mataimakiyar kociyar. Yarinya ce mai ƙwazo, ita ke koyar da tsaron gida, yaran duk sun shaƙu da ita. Ran kwana na huɗu ba mu gan ta ba, ashe wata jami'a ta kira ta aiki, an ce ta taho nan take. Rukuni biyar suka koma uku, layi ya yi tsawo, yara suka fi tsayuwa a kan wasa. Takardar tantance kowace yarinya da aka ce za mu tafi da ita a ranar sai bayan mako biyar ta iso ta imel. Ban ga laifin mataimakiyar ba, haka aikin yake, juko tsani ne. Ga misalin koci Kurt Budke, wanda ya ci kofin ƙasa huɗu da kwalejin Trinity Valley kafin ya koma Louisiana Tech, daga can Oklahoma State. Amma mu iyayen da muka biya kuɗin kwana huɗu, uku da rabi muka samu, kuma ya kamata a ce an tanadi madadi.

Takardar da ta iso ɗin dai ba ta jeka-na-yi-ka ba ce. Shafi biyu ne, ta ambaci ƙafar daman nan, ta rubuta atisaye huɗu na minti goma sha biyar kullum. Yarinyar ta liƙa ta a ƙofar gareji, kuma har yau bayan la'asar ina jin dukan ƙwallo a kan siminti.

Ga uwar da 'yarta ta riga ta iya riƙe ƙwallo kuma tana jure gyara, ina ba da shawarar wannan sansani, ki dai tafi da abincinki da gorar ruwa babba. Wadda ke neman wurin wasa da raha kawai za ta sha wuya. Da muka je sallama na tambayi kociyar ko za mu same ta baɗi. Ta ɗaga wayarta ta ce sau biyu an kira ta ta ƙi tafiya, na ukun ba ta san me za ta ce ba. A watan Maris ake buɗe rajista, kuma kafin in cike fom sai na buga waya na ji ko tana nan.