Afadjato ko Dutsen Krobo?

Samarin unguwar Nima ta birnin Accra, a Ghana, masu goya jaka su hau dutse sukan yi gardama kan wurare biyu. Afadjato yana yankin Volta, dab da iyakar Togo. Akwai ɗan jagora a Liati Wote, ƙauyen da ke gindin dutsen, turba a fili take, gwiwa ce kawai ke shan wuya.

Dutsen Krobo ya fi kusa da Accra, ta hanyar Akosombo. Tun da Turawa suka kori mazaunansa a 1892 daji ya cinye shi. Da damina ciyawa kan shafe turba, ga ƙaya, ga fargabar maciji; sai da adda da dogon wando. Ni dai Krobo nake so, amma da rani. Ganin kufan da ke samansa ya fi mini ƙujewar ƙwauri.