Na'urar leza mai kankare tsatsa: ta iya ƙarfe, ba ta iya daɓe ba

Wani shagon walda a cikin garin Sakkwato ya kawo na'urar leza (mai harba tsinin haske mai tsananin zafi) ta hannu mai ƙarfin wat 1,500, yana kankare tsatsa da tsohon fenti da ita. A kan ƙofar ƙarfe aikinta abin yabo ne: hasken na bi, tsatsar na tashi hayaƙi, ƙarfen na fitowa fes har cikin lungunan adon da injin gurza ba ya kaiwa, kuma ba ta cinye jikin ƙarfen.

Sai dai masu shagon suna tallata cewa tana ɓare fuskar kankaren siminti, wai irinta ake amfani da ita a tashoshin nukiliya. Maganar tana da tushe, amma an ƙara mata gishiri. A tsofaffin wuraren nukiliya da ake rushewa irin su Sellafield a Ingila, gurɓatar nukiliya yawanci tana tsayawa ne a 'yan milimitocin farko na bango, don haka ɓare saman kaɗai yana rage tarin sharar da za a killace. Zafin leza yana mai da ruwan da ke cikin siminti tururi, tsakuwa da siminti su buɗa ba daidai ba, sai fuskar ta riƙa fashewa tana tsalle ɓaro-ɓaro, ana zuƙe ɓaraguzan nan take. Cibiyar binciken walda ta TWI da ke Ingila ta gwada hakan da leza mai kilowat 5 (wat 5,000), ta ɓare murabba'in mita ɗaya zuwa zurfin milimita 10 cikin ƙasa da awa biyu, kuma hannun mutum-mutumi ne ke riƙe da kan na'urar. Dabarar ta fi ci a kankaren da aka haɗa da dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato. Wasu duwatsun kuwa narkewa suke yi su daskare kamar gilashi.

Da aka gwada ta shagon a kan daɓe a gabana, fenti kawai ta ɗauke, ta bar baƙin tabo da ƙyalli, ko farce ba zai shiga ramin ba. Guduma da kurfi sun fi ta sauri.

Tana son wuta tsayayya, wato janareta babba, kuma kuɗin man yana kan mai kaya. Zafin Afrilu yana wahalar da ruwan sanyaya ta, ƙurar hunturu kuma tana ɓata madubin bakinta. Abin da ya fi damuna shi ne yaran shago da ke tsaye kusa babu tabarau na musamman, alhali hasken da ke makantarwa ido ba ya ganin sa. Mai ƙofa ko tagar ƙarfe ya kai musu aiki. Mai daɓe ya nemi magini.