Gargaɗi ga ɗalibai masu koyon rubutun talla

'Yan'uwana ɗalibai, rubutun talla sana'a ce ta gaske, kuma wanda ya ɗanɗana ya san daɗinta. Ka saurari mai kaya, ka gano wa ke buƙatar kayan da abin da ke hana shi saye, sannan ka tsara 'yan layukan da za su tsayar da mutum ya karanta. Ina jami'a na fara, kuma a nan na san akwai aikin da mutum zai wuni a kansa bai gaji ba. Don haka ba hana ku nake yi ba. Wasu ne suka gano cewa ɗalibi mai zumuɗi ya fi kowane kamfani saurin sakin kuɗi, su nake so ku gane.

Abin yana farawa da bidiyo a Instagram ko TikTok: saurayi a cikin mota mai tsada, yana cewa da waya kawai yake samun abin da malaminka ba ya samu a shekara. Sai ya gayyace ka darasi kyauta ta intanet. Yawancin lokacin a labarin talaucinsa na da zai tafi, ilimin kuwa ɗan tsakure ne. Daga ƙarshe sai farashin kwas ya bayyana, ga agogo yana ƙirga mintunan da suka rage kafin rangwame ya ƙare, ana ta tuna maka cewa a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Rufe shafin, ka buɗe gobe a wata wayar. Sau da yawa za ka tarar agogon ya koma farko. Haka zancen "gurbi biyar ya rage". Bidiyon da aka riga aka naɗa, wane gurbi ne zai ƙare a cikinsa? Hotunan kuɗin shiga da yake nunawa ma ba hujja ba ne, domin duk mai kwamfuta zai iya sauya lambobin da ke kan shafin intanet a allonsa cikin minti ɗaya, ya ɗauki hoto.

Bayan ka biya ne ake gaya maka cewa wannan matakin share fage ne, asirin yana mataki na gaba, wanda ya ninka kuɗi. In ka yi ƙorafi a zauren ɗalibai, a ce ba ka da himma, ko a cire ka. Alkawarin mayar da kuɗi kuma an ɗaure shi da sharuɗɗan da ba mai iya cikawa. Mafi muni shi ne lokacin da za a ce hanya mafi sauri ta samun kuɗi ita ce ka tallata wa abokanka wannan kwas ɗin a ba ka kamasho. Daga nan ka daina koyon sana'a, ka zama ɗan koren mai kwas.

Wannan ba sabon salo ba ne. A 2018 hukumar FTC mai kare masu saye a Amurka ta maka wani kamfani mai suna MOBE a kotu. Yana shigo da mutane da dala 49 kan wani tsari mai matakai 21 na koyon kasuwancin intanet, sannan ya matsa musu su sayi matakai na dubban daloli, kuma babban abin da ake koya musu shi ne su sayar da waɗannan matakan ga wasu mutane. Hukumar ta ce an karɓe wa mutane fiye da dala miliyan 125.

Tambaya ɗaya nake yi wa duk mai sayar da kwas: daga ina kuɗinka ke fitowa, daga masu kayan da kake rubuta wa talla ko daga ɗalibai? Ka ce ya nuna maka tallar da ya rubuta wa wani, da sunan mai kayan, yadda za ka iya tabbatarwa. Malamin kirki, kuma akwai su, ba ya jin haushin wannan tambaya. Ku kuma sani cewa "asirin" da ake ta ɓoyewa tsohon abu ne: jawo hankali, tsayar da shi, tayar da sha'awa, sa mutum ya ɗauki mataki. Masu talla sun fi shekara 100 suna koyar da haka. Littafin da Claude Hopkins ya rubuta kan kimiyyar talla a 1923 yana nan kyauta a intanet.

Akwai kuma masu zuwa da rigar ba da aiki. Za su same ka a dandalin neman aiki ta intanet irin su Upwork ko Fiverr, su ce ku koma Telegram, inda ba wata kariya da dandalin zai ba ka. Sai a nemi kuɗin rajista, ko na buɗe asusun albashi. Mai ba da aiki shi ke biya, ba shi ake biya ba. Wani zai ba ka "gwaji" na shafuka da yawa kyauta, ya ba wasu irinka sauran sassan, ya haɗa aikinsa ya ɓace. Wani zai turo cek ko shaidar biya ta fiye da abin da kuka yi ciniki, ya roƙe ka ka mayar da rarar. Bayan kwanaki banki ya gano na bogi ne, kai ne da asara. Wanda ya nemi hayar asusunka ko katin shaidarka kuwa, da sunanka zai damfari wasu.

In har an riga an karɓi kuɗinka, kada kunya ta sa ka yi shiru. Ka adana hotunan tallar, saƙonninku da rasit tun kafin a goge su, ka sanar da bankinka nan take, musamman in da kati ka biya, domin ƙalubalantar ciniki yana da wa'adi. Ka kai rahoto ga dandalin da ka ga tallar da hukumar kare masu saye ta ƙasarku. Kuma ka sa ran wani zai turo maka saƙo yana cewa zai ƙwato maka kuɗin in ka ba shi kafin alƙalami. Shi ma nasu ne, kada ka amsa masa.