Zotero, Mendeley ko EndNote: Wacce Ta Dace da Ɗalibin Kaduna?

Ƙanwata ta shigo bayan isha'i riƙe da babi na biyu na kundin digirinta, jan biro ya cika shafin ƙarshe. "Yaya, Malam ya ce manazartata ba su bi tsari ba, kuma wai littattafai 7 da na ambata a ciki babu su a jerin." Da hannu ta jera su ɗaya bayan ɗaya, sun fi 50. A daren muka zauna gwada manhajojin tsara manazarta da ake ta yabo, ni kuwa abu uku nake dubawa: kuɗi, data, da ko manhajar za ta yi aiki idan sabis ya ɗauke.

Kafin ka sauke komai, tambayi malamin da ke duba aikinka wane salon jera manazarta sashenku ke bi, APA ne ko MLA ko Chicago. In APA ne, ka ji bugu na nawa. Bugu na 7 ya fito a 2019, amma wanda ke cikin Microsoft Word tun asali bugu na 6 ne, shi ya sa wasu ke dogara da Word kaɗai a dawo musu da aiki.

Zotero muka fi daɗewa a kanta, kuma ita muka ɗauka. Kyauta ce, an fara ta a Jami'ar George Mason ta Amurka a 2006. Za ka sa ta a kwamfuta, ka ƙara ɗan maɓallinta a Chrome ko Firefox. Duk maƙalar da ka buɗe, dannawa ɗaya ta kwaso sunan marubuci da shekara da sunan mujalla, wani lokaci har da PDF ɗin. A cikin Word kuma kana rubutu kana saka madogara, jerin manazarta na gina kansa a ƙasa. Idan Malam ya sauya ra'ayi ya ce a koma Chicago, aikin minti ɗaya ne. Abin da ya fi burge ni shi ne komai yana zaune a kan kwamfutarka, ko babu intanet za ka ci gaba da aiki. Inda ta gaza shi ne ma'ajiyar intanet ta kyauta, MB 300 ce kacal, GB 2 kuma dala 20 ne a shekara. Sai dai fayiloli ne ke cin wannan wuri, bayanan manazartan ba su da iyaka. Ka riƙa kwafe PDF ɗinka a filash, ka huta da biyan dala.

Mendeley ta kamfanin Elsevier ce tun 2013, kuma ta fi hannun kyauta wajen ma'ajiya, GB 2 take bayarwa. Ga mai karatun likitanci ko injiniya da ya tara maƙalu masu nauyi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ta fi son intanet, sai ka buɗe asusu ka shiga, kuma Mendeley Cite da ke haɗa ta da Word ba ya hawa kan tsohon Word irin wanda ke cikin yawancin laftof ɗin da muke saye na hannu. Manhajarta ta waya ma an janye ta tun 2021.

EndNote kuwa ta kuɗi ce, ko farashin ɗalibai ya haura dala 100. In makarantarku ta biya, bismillah. In ba haka ba, mai digirin farko ba shi da abin nema a wurinta.

Wanda waya kaɗai gare shi, ZoteroBib ta ishe shi aikin jinga: a burauza take, ka liƙa DOI (lambar shaidar maƙala) ko ISBN (ta littafi) ta fitar maka da rubutun. Google Scholar ma yana da ɗan maɓalli a ƙasan kowace maƙala mai yin hakan, sai dai yakan zo babu lambar shafi.

Akwai abin da duk cikinsu babu wadda ta iya, wato sunayenmu. Marubucin da ke amfani da sunan garinsu, manhaja za ta ɗauki Zariya ko Ƙaura a matsayin sunan iyali, wani lokaci kuma ƙ da ɗ su koma wata alama marar ma'ana. Sai ka gyara da hannu yadda sashenku ya yarda. Haka ɗalibin tarihi da ya je Gidan Arewa ko Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke nan Kaduna: tsofaffin fayilolin zamanin En'e ba su da DOI, don haka ka rubuta lambar fayil tun kana zaune a wurin.

Wajen nemo maƙalun kansu, bayan Google Scholar ka leƙa shafin AJOL (African Journals Online), inda mujallun jami'o'in Najeriya da yawa suke. Ka kuma je ɗakin karatun makarantarku, ko Kashim Ibrahim ne a ABU ko na KASU, ka tambayi ma'aikatan wane rumbun mujallu aka yi wa rajista. Ɗalibai da yawa har su gama ba su taɓa tambaya ba.

ChatGPT da ire-irensa suna taimakawa wajen fahimtar batu mai wuya, amma kar ka karɓi manazarta daga hannunsu. Sukan ƙago maƙala da marubuci da shekara, komai tsaf, alhali babu ita a duniya. Duk wadda suka ba ka, nemo ta da kanka ka buɗe.

Turnitin kuma, mai gano satar fasaha a rubutu, makarantu yake sayar wa lasisi, ba ɗaiɗaikun ɗalibai ba. Idan za ka kai aikinka shagon buga takardu a auna maka satar fasaha, tambayi mai shagon ko aikin zai zauna a rumbun Turnitin. In ya zauna, ranar da makaranta ta auna, kundinka zai fito kamar ka kwafe shi ne daga wani, alhali da kansa yake karo.